Isnadin Labarin Yaƙi: Sharhi Kan Yadda Rahotannin Yaƙe-yaƙen Basasa na Ƙasashen Musulmi Ke Isowa Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan rahotannin da kafofin watsa labarai ke kawowa game da yaƙe-yaƙen basasar Siriya da Yaman da Sudan, da yadda malamai da ɗalibai a birnin Kano ke karɓarsu. Ta nuna cewa karkatar kafofin ta fi bayyana a wurare uku: sunan da ake kiran mayaƙa da shi, da ɓoye asalin majiya, da yin shiru a kan abin da ba ya amfanar mai gidan kafar. Ta kuma yi jayayya da al'adar auna labari da aƙidar tashar da ta kawo shi, tana kira ga komawa ga ma'aunin malaman hadisi, wanda shi kansa yaƙin basasa ne ya haifar da shi.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya tashi a cikin badala ya san matsayin rediyo a zaurukan malamai. Daga Madabo zuwa Alfindiki, daga Koki zuwa rumfunan Kasuwar Kurmi, da wuya a tashi karatun safe ba a taɓa abin da aka ji a labaran duniya ba. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa a 2007. Ga na Sin da na Iran, ga kuma na Turkiyya. Ɗalibin da ya iya Larabci yana ƙara da Aljazira ta Ƙatar da Al'arabiyya ta Saudiyya da Al'alam ta Iran. Yanzu kuma wayar hannu ta tara su duka a aljihu, ta haɗa da hotunan da ba a san wanda ya ɗauka ba.

Abin da ya ja hankalina shi ne wani saɓani a ɗabi'armu. Malamin da ba zai yarda a jingina wa Annabi (SAW) kalma ɗaya ba sai ya san wanda ya ruwaito ta, shi ne zai hau mumbari ya faɗi adadin waɗanda aka kashe a Halab ko San'a, ya ayyana mai laifi, ya yi alƙunutu a kansa, alhali iyakar madogararsa tasha ɗaya ce ko saƙon da aka tura masa. Wannan sharhi ba ya musun cewa an yi ta'asa a waɗannan ƙasashe. An yi, kuma mai muni. Tambayar ita ce ta wace hanya labarin ya iso mana, kuma wa ya tace shi kafin ya iso.

2.0 Isnadi Ɗan Fitina Ne

Imam Muslim ya kawo a muƙaddimar Sahihinsa, daga Muhammad bin Sirin wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, cewa mutanen farko ba su kasance suna neman a ambaci masu ruwaya ba sai da fitina ta auku. Malamai sun yi saɓani a kan wace fitina yake nufi, ko wadda ta biyo bayan kashe Sayyidina Usman a shekara ta 35, ko ta zamanin Ibnuz Zubair da Mukhtar. Ko wacce aka ɗauka, yaƙin basasa ce. Ke nan ilimin da muke alfahari da shi na tantance masu ruwaya ya tsiro ne a lokacin da Musulmi suka zare wa juna takobi, kowane ɓangare yana da labarin da yake so a gaskata.

Haka ma malaman tarihi suka fahimci lamarin. Wanda ya karanta labarin Jamal da Siffin a Tarihin Ɗabari zai ga yawancinsa ya zo ne ta hannun Saifu bin Umar da Abu Mikhnaf, mutum biyu da malaman jarhi suka yi maganganu a kansu, kowannensu kuma yana da inda ya karkata. Ɗabari da kansa ya gargaɗi mai karatu a farkon littafin cewa shi mai isar da abin da ya same shi ne, alhakin yana kan masu ruwayar. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike, ya yi aikin tace irin waɗannan labarai a Al'awasim minal Ƙawasim. Ibn Khaldun kuwa, da ya zo lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta shiga labari a farkon Muƙaddima, abin da ya fara ambata shi ne karkata ga wani ra'ayi ko mazhaba, domin zuciyar da ta riga ta karkata takan karɓi abin da ya dace da ita tun a jin farko.

Tushen wannan duka yana cikin Suratul Hujurat. Aya ta 6 ta yi umarni da bincike idan fasiƙi ya zo da labari, don kada a cutar da wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Da yawa daga malaman tafsiri sun danganta saukarta da rahoton da Walid bin Uƙba ya kawo cewa Banul Musɗaliƙ sun hana zakka, rahoton da saura kaɗan ya sa a tura musu runduna. Aya ta 9 kuma ta zo da hukuncin ƙungiyoyi biyu na muminai da ke yaƙar juna. Tsakanin ayar tantance labari da ayar yaƙin basasa ayoyi biyu ne kacal.

3.0 Suna Hukunci Ne

Mafi yawan karkatar da ke cikin rahotannin yaƙi ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Tana cikin sunan da aka zaɓa. A yaƙin Siriya da ya faro daga zanga-zangar Dar'a a watan Maris na 2011, mutum ɗaya mai riƙe da bindiga ɗaya yakan zama ɗan tawaye a tashoshin Yamma, ɗan juyin juya hali a tashoshin Larabawan Tekun Fasha, ɗan ta'adda ko ɗan takfiriyya a tashoshin Iran da Rasha. Gwamnatin Dimashƙa ita ma halattacciyar gwamnati ce a wannan tasha, mulkin kama-karya ne a waccan. A Yaman, da wuya kafofin Yamma su ambaci Husawa ba su liƙa musu cewa Iran na mara musu baya ba, yayin da tashoshin Iran ke kiransu da sunan da suka raɗa wa kansu, Ansarullah, suna kiran hare-haren ƙawancen Saudiyya ta'addanci a kan al'ummar Yaman.

Ga mai sauraro na gama-gari waɗannan kalmomi ne kawai. Ga ɗalibin fiƙihu kuwa kowannensu babi ne. Malamanmu sun bambanta tsakanin bugatu masu tawili da muharibai masu tare hanya da Khawarijawa, kuma sun bai wa kowane rukuni hukuncinsa game da jininsa da dukiyarsa da wanda aka kama daga cikinsa. Idan edita a Landan ko Tehran ko Doha ya zaɓi kalma, mai fassara ya mayar da ita Hausa, limami ya ɗauke ta ya kai mumbari, to fatawa ce ta fito daga ɗakin labarai ba tare da kowa ya lura ba.

Ƙarshen yaƙin Siriya ya tona asirin waɗannan sunaye. Mutumin da aka sani da Abu Muhammad Aljaulani, wanda Amurka ta sa ladan dala miliyan 10 a kansa, shi ne ya shiga Dimashƙa bayan faɗuwar Bashar Al'asad ranar 8 ga Disamba 2024. Kafin watan ya ƙare an janye ladan, kafofin labarai suka koma kiransa da sunansa na yanka, Ahmad Asshara'a, a watan Mayu na 2025 kuma ya gana da shugaban Amurka a Riyad. Ba ina yanke hukunci a kansa ba ne. Abin lura shi ne tarihin mutumin bai canja ba a cikin makonnin nan, buƙatar masu raɗa sunan ce ta canja.

Aljazira ma, wadda ɗalibanmu da yawa ke ɗauka muryar Musulmi, ba ta tsira ba. Ƙatar tana cikin ƙawancen da ya fara kai hari Yaman a watan Maris na 2015. Da aka ƙaƙaba mata takunkumi aka fitar da ita daga ƙawancen a watan Yuni na 2017, sai rahotannin tashar a kan yunwa da kisan fararen hula a Yaman suka ƙara zafi a fili. Yunwar gaskiya ce, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2021 yaƙin ya yi sanadin mutuwar mutum dubu 377, fiye da rabinsu ta hanyar yunwa da cuta. Amma yaran Yaman sun fara mutuwa tun kafin Doha da Riyad su ɓata.

4.0 Tadlisi da Tawaturin Bogi

Aibi na biyu shi ne abin da malaman hadisi za su kira tadlisi, wato ɓoye ainihin wanda aka ji labari daga gare shi. Jimloli irin su “majiyoyi sun ce” da “masu fafutuka sun bayyana” da “rahotanni na cewa” duk isnadi ne mai ɗauke da majahili. A shekarun farko na yaƙin Siriya gwamnati ta taƙaita shigar 'yan jarida na waje, yankunan 'yan adawa kuma suka zama wurin garkuwa da kisa, don haka adadin mamata da yawa da duniya ta ji ya fito ne daga ƙungiyar sa ido kan haƙƙin bil'adama ta Siriya, wadda Rami Abdurrahman ke gudanarwa daga garin Kobantiri a Ingila, ko kuma daga kamfanin dillancin labarai na gwamnati, SANA. Na farko ɗan adawa ne da ke dogaro da wakilan da ba ya bayyana sunayensu, na biyu bakin ɗaya daga masu yaƙin ne.

A nan ne ɗalibanmu ke faɗawa wani kuskure. Sukan ce labari ya tabbata tunda tashoshi biyar sun kawo shi. Sharaɗin tawaturi kuwa shi ne yawan ya kasance a kowane mataki na isnadi tun daga tushe. Hadisin niyya, duk da ingancinsa da shahararsa, malamai sun ƙirga shi garibi, domin a matakansa na farko mutum ɗaya ne daga mutum ɗaya, sai daga Yahaya bin Sa'id Al'ansari ya yaɗu. Idan tashoshi biyar duk sun kwafo daga kamfanin dillancin labarai ɗaya, shi kuma ya samo daga mutum ɗaya, to ruwaya ɗaya ce aka ji sau biyar.

Hoto ma yana buƙatar isnadi. Bayan kisan kiyashin Hula a watan Mayu na 2012, inda aka kashe mutum fiye da 100, da yawansu yara, shafin intanet na BBC ya sa hoton gawarwaki jere cikin likkafani. Sai mai ɗaukar hoto Marco di Lauro ya fito ya ce shi ya ɗauke shi a Iraƙi a 2003. Tashar ta cire hoton ta amsa kuskurenta. Kisan ya auku, hoton kuwa ba nasa ba ne, kuma masu kare gwamnatin Dimashƙa sun yi amfani da kuskuren wajen musanta kisan kansa. Wannan ita ce illar ƙarya a cikin gaskiya: tana bai wa azzalumi mafaka. Idan tasha mai editoci ta faɗa wannan rami, ina ga hoton da ke yawo a wayoyin almajirai ba suna ba kwanan wata?

5.0 Shirun da Aka Yi wa Sudan

Aibi na uku shi ne shiru, kuma Sudan ce shaidarsa. Babu ƙasar Larabawa da ta kai ta kusanci da Kano. Ta nan alhazanmu suka bi da ƙafa shekaru aru-aru. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru sun zauna a bakin Shuɗin Nilu ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, garin kuma har yau da sunansa ake kiransa. Malaman farko na Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda ta zama Makarantar Koyon Larabci, daga Sudan aka ɗauko su. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Janar Abdulfattah Alburhan da Muhammad Hamdan Dagalo ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, 'ya'yanmu da ke Jami'ar Afirka a Khartum na cikin waɗanda aka kwaso a motoci zuwa iyakar Masar.

Da aka gama kwaso ɗaliban, sai maganar ta lafa. An yi wa Masalit kisan ƙare dangi a Aljunaina a 2023, an tabbatar da fari na yunwa a sansanin Zamzam a watan Agusta na 2024, mutum fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu. Ban ce ba a yi wa Sudan addu'a a masallatanmu ba, amma duk mai adalci ya san ba ta sami kwatankwacin huɗubobi da muhawarorin da Siriya ta samu ba. Ina ganin dalilai biyu ne. Na farko, manyan tashoshin Larabci na ƙasashen da ke da hannu ko buƙata a rikicin ne. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na bai wa dakarun Dagalo makamai abin kamawa ne, ita kuma ta musanta, a watan Afrilu na 2024 kuwa gwamnatin Sudan ta dakatar da aikin Al'arabiyya da Alhadas da Sky News ta Larabci a ƙasar. Na biyu, kuma shi ya fi ciwo, ɓangarorin biyu duk 'yan Sunna ne, don haka yaƙin ba ya ba kowa daga cikinmu hujja a kan abokin jayayyarsa na unguwa. Siriya kuwa, musamman bayan Hasan Nasrallah ya bayyana shigar Hizbullah yaƙin Ƙusair a watan Mayu na 2013, Shaikh Yusuf Alƙaradawi kuma ya yi kira ga 'yan Sunna su kai ɗauki, ta dace daidai da rigimar da muke yi a gida. Jinin da ke ƙarfafa hujjarmu muka yi wa kuka.

6.0 Mu Ma An Yi Mana

Kano ba ta da uzurin rashin sanin illar wannan lamari. A ƙarshen watan Satumba na 1966 Rediyon Kwatano ta Dahome ta ba da labarin ana kashe 'yan Arewa a Gabas, gidan rediyon Kaduna ya maimaita shi, kashe-kashe suka biyo baya a garuruwan Arewa, har da abin da ya faru a filin jirgin sama na Kano da Sabon Gari ranar 1 ga Oktoba. Mutanen da ba su ji ba ba su gani ba suka biya bashin labarin da babu wanda ya tsaya tantance girmansa. Da yaƙin basasa ya kankama, kamfanin Markpress da ke Janiba ya riƙa rarraba wa jaridun Turai sanarwar Biyafara, har jama'a da yawa a can suka ɗauka jihadi ne Musulmin Arewa ke yi a kan Kiristoci, alhali shugaban ƙasa Yakubu Gowon Kirista ne, haka ma da yawa daga kwamandojinsa da sojojinsa. Yunwar Biyafara gaskiya ce, fassarar da aka yi mata a waje kuwa ba haka take ba. Yadda Bature ya karanta yaƙinmu a 1968 haka muke karanta na Siriya. A watan Oktoba na 2001 ma, zanga-zangar nuna fushi da harin Amurka a Afganistan ta rikiɗe ta zama zubar da jini a titunan Kano, tsakanin mutanen da babu ɗayansu da ya taɓa ganin Kabul.

7.0 Ma'aunin da Ya Dace

Maganin da wasu ke bayarwa shi ne a ƙaurace wa tashoshin kafirai, ko na Shi'a, ko na Wahabiyawa, gwargwadon inda mai maganar ya tsaya. Wannan ba hanyar malaman hadisi ba ce. Bukhari ya fitar da hadisin Imrana bin Hiɗɗan, wanda ke da ra'ayin Khawarijawa, shi da Muslim kuma sun karɓi ruwayar Adiyyu bin Sabit duk da shi'ancinsa, saboda an san su da gaskiya. Ƙa'idar da Ibn Hajar ya zaɓa a Nukhbatul Fikar ita ce a yi taka-tsantsan da mai bidi'a idan yana kira zuwa gare ta, ko idan abin da ya ruwaito yana ƙarfafa ta. Zahabi kuma ya sha nanata cewa sukar tsara ga tsaransa ba a gina hukunci a kanta idan akwai gaba a tsakani.

Idan aka ɗora waɗannan a kan labarai, sakamakon a fili yake. Abin da tasha ta faɗa a kan abokin gaban mai gidanta ana jingine shi sai an sami shaida daga hanyar da ba ta haɗu da tata ba. Abin da ta amsa a kan ɓangarenta kuwa yana da ƙarfi, domin iƙirari ne. Ya kamata kuma a yi wa ma'aikatan sassan Hausa adalci: da yawansu 'ya'yanmu ne masu ƙoƙarin kamanta gaskiya, tashar da ke ambaton majiyarta tana kuma gyara kuskurenta a fili ba daidai take da wadda ba ta taɓa yin haka ba. Amma labarin Siriya ko Yaman ba su suka gani da ido ba, fassara suke yi daga abin da aka tsara a wani ɗaki. Matsayinsu na mai isarwa ne, kuma amanar mai isarwa ba ta gyara raunin da ke sama da shi a isnadi.

8.0 Kammalawa

Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta zargi masu gaggawar yaɗa labarin aminci ko na tsoro, ta kuma nuna a mayar da shi ga waɗanda za su iya tono haƙiƙarsa. A birnin Kano, malamai ne jama'a ke mayar wa irin wannan labari. Ina ba sassan nazarin addinin Musulunci shawarar su riƙa sa ɗaliban musɗalahul hadisi su ɗauki rahoton yaƙi ɗaya daga tashoshi uku masu saɓanin iyayen gida, su fitar da isnadinsa, su nuna inda ya yanke da inda aka yi tadlisi da kalmomin da suka bambanta. Limami kuma, idan bai tabbatar da mai laifi ba, ya wadatar ya roƙa wa waɗanda aka zalunta agaji ya roƙi Allah Ya kama hannun azzalumi ko wane ne shi, ba tare da ya aro sunayen da wata gwamnati ta raɗa ba. Wanda ke zaune a sahu yana iya fita da abin da ya ji ya auna maƙwabcinsa da shi, kamar yadda aka yi a 1966 da 2001.

Allah ne Mafi sani.